Rigar Jarumi, Aljihun Ɗan Kallo: Wace Sutura Ta Dace Da Saurayin Tsibiri?

Idan fim ya fito ya karɓu, abubuwa uku ne 'yan kallo kan kwashe daga cikinsa: waƙa, da salon magana, da kuma ɗinki. Waƙar takan yi wata biyu ko uku a bakin yara ta wuce. Salon maganar ma haka. Amma ɗinki shi ne mai cin kuɗi, domin sai an je kasuwa an yanko yadi, an kai wa tela, an biya, sannan a saka. Shi ya sa duk mai son sanin ƙarfin 'yan fim a kan samari, ya je ya tsaya a bakin shagon tela ana saura sati biyu Sallah, ya saurari masu kawo ɗinki. A da cewa ake yi "irin ta wane a fim kaza". Yanzu kuwa waya ake miƙa wa tela, ya ga hoton jarumin da idonsa.

Wannan abu bai tsaya a Kano da Kaduna ba. Ya kai har Tsibiri ta ƙasar Maradun, da ƙauyukan da ke tsakanin Maradun da Bakura da Talata Mafara a Jihar Zamfara. Yanki ne na manoma, masu noman damina da na rani. Kuɗin saurayi a nan ba albashi ba ne mai zuwa duk ƙarshen wata. Kuɗin shinkafa ne, ko albasa, ko tumatir, ko abin da babur ya kawo a yini. Ke nan kuskuren sayen tufafi a wurinsa ba ƙaramar asara ba ce. Ga shi kuma yana da rai, yana da budurwa, yana da abokai, kuma yana kallon fim kamar kowa. To wace sutura ce ta dace da shi? Mene ne zai ɗauka daga wajen jarumai, mene ne kuma zai bar masu kayansu?

Yadda abin ya faro

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, finafinan bidiyo na Hausa suka fara shiga gidaje. Amma sai a ƙarshen shekarun 1990 ne kwalliyar jarumi ta zama abin magana. Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, ya nuna Ali Nuhu a matsayin ɗan sarki cikin kayan alfarma. Bayansa aka shiga zamanin Wasila da Mujadala, inda saurayi kan canza kaya sau uku ko huɗu a cikin waƙa guda. Wannan salo daga Indiya aka aro shi. Duk wanda ya kalli Kuch Kuch Hota Hai na 1998 ya ga yadda Shah Rukh Khan ya yi ta fitowa da rigunan GAP da na Polo, kuma ba a jima ba irin wannan shiga ta bayyana a lambunan da ake ɗaukar waƙoƙin Hausa.

A Zamfara abin ya zo da nasa yanayin. An ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka kuma rufe gidajen silima. Sai kallo ya koma cikin gida, a bidiyo da ɗan janareto. Daga kaset aka koma faifan sidi, daga nan aka koma turi a waya da YouTube da tashar Arewa24. Abin kallon ya yi ta canzawa, amma sha'awar rigar jarumi tana nan daram.

Idan aka duba da kyau, kayan da namiji ke sakawa a fim da kuma a gari ba su wuce kashi biyar ba: kayan kece raini, kayan aiki, ƙananan kaya, manyan kaya, da kayan ofis. Kowanne da ranarsa.

Kayan kece raini

Da an ce kece raini, gezna ce ke fara faɗo wa mutum a rai. Sunan daga Getzner ne, wani kamfanin saƙa da ke garin Bludenz a ƙasar Ostiriya, wanda aka kafa tun 1818. Shaddarsa ta auduga ce, saƙa mai ƙanƙanan zare, sannan a bi ta da matsi da guga na inji har ta ɗau wannan ƙyallin da amon da ake ji idan mai ita ya motsa. Daga Turai take zuwa, da kuɗin waje ake sayo ta, don haka duk lokacin da Naira ta faɗi sai ta ƙara tsada. Tun da aka saki farashin Naira a Yunin 2023, 'yan Kantin Kwari da masu sayayya a wurinsu sun ji a jikinsu.

Cikakkiyar babbar riga da 'yar ciki da wando kan ci yadi goma. Kaftani da wando kuwa yadi huɗu zuwa biyar, gwargwadon tsawon mutum. Bayan kuɗin yadi ga kuɗin aiki, musamman in na hannu ne, irin su aska takwas ko aska biyu. Sai hula. Zanna Bukar ta ainihi da allura ake ɗinka ta, takan ɗauki makonni, kuma Barno ce cibiyarta. Masu ɗinkin hula na Bama da rikicin Boko Haram ya kora daga garinsu a 2014, da wannan sana'a da yawansu suka riƙe kansu a Maiduguri. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin tsadar hular ba.

To a nan ne ɗan kallo ke ruɗuwa. Ya ga Alhaji a fim ya fito daga ƙaton gida, ya shiga mota mai numfashi, shaddarsa tana ɗaukar ido. Abin da ba a nuna masa shi ne, a harkar fim sau da yawa gidan na aro ne ko na haya, motar ma haka. Kayan sawa kuwa, an saba ɗan wasa ya zo lokeshin da jakarsa, ko furodusa ya nemo. Ana gama ɗaukar fitowar za a cire a ninke. Shi kuma ɗan wasa ado jarinsa ne, kamar yadda garma take jarin manomi. Idan ya sa gezna, aiki yake nema da ita. Har tallar shagunan yadi da na teloli wasu ke yi, a ba su kayan kyauta.

Akwai irin saurayin da kowa ya sani a yankin nan. Ya yi wata huɗu yana ban-ruwa, ya kwashe albasa ya sayar, kuɗi sun zo hannu ana gab da Sallah. Sai ya zuba fiye da rabi a shadda ɗaya da hula da takalmi, don kawai ya ga wani jarumi da irinta. Ranar Idi ya fito, an yi masa "sai kai", an ɗau hoto. Bayan wata biyu lokacin taki ya zo, injin ban-ruwa na neman gyara, sai ga shi a ƙofar mai ba da bashi. Shaddar tana cikin akwati, ba ta noma, ba ta haihuwa. Hausawa dai sun ce iya kuɗinka iya shagalinka.

Ga wanda Allah ya hore wa kuma ya ƙudura sai ya saya, to ya kula da jabu, don kasuwa cike take da shaddar Caina mai ɗauke da tambarin da ba nata ba. Akwai gwajin da tsofaffin teloli suka sani: a zare ɗan zare daga bakin yadin a kusanta shi da ashana. Auduga takan ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Kuma gara yadi mai kyau na matsakaicin kuɗi da gezna ta ƙarya, wadda wanki biyu zai tona mata asiri.

Ba yau aka fara kece raini a ƙasar nan ba. Kafin shaddar Turai akwai tsamiya, da saƙi, da kore mai ƙyallin baba irin na Kura. A fadojin Zamfara riga kyauta ce ta girma. Makaɗan fada irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya yi suna da Maradun, ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, riguna da dawaki sarakuna ke ba su. Sai dai rigar tana zuwa ne bayan an yi aikin da ya jawo ta.

Kayan aiki

Wannan shi ne kashin da finafinai suka fi zalunta, alhali shi ne suturar da saurayin Tsibiri ya fi daɗewa a cikinta. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978, ita ce ta mai da wannan yanki wurin noman rani. Mai aiki a fadama yini yake yi tsakanin rana da taɓo da ruwa. Abin da yake bukata shi ne riga ta auduga mai kauri wadda ke shan gumi, da wando mai ƙwari, da malfa a ka. Wannan malfar da 'yan birni ke rainawa ta fi hular hana-salla amfani nesa ba kusa ba, domin tana kare fuska da wuya da kunnuwa gaba ɗaya.

Sai takalmin roba mai tsawo. Ba don gayu ake sa shi ba. Ruwan da ke kwance a magudanan ban-ruwa shi ne gidan ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya, kuma ta fatar ƙafa take shiga jiki. Ga maciji, ga ƙaya. Haka nan mai feshin maganin ƙwari: dole riga mai dogon hannu, da abin rufe hanci da baki, kuma in an gama a wanke kayan daban, kada a haɗa da na yara. Mai walda da bakanike su guji rigar roba, don tartsatsi ɗaya ya isa ya narkar da ita ta manne a fata. Ɗan kabu-kabu kuma ya san abin da ke faruwa idan bakin babbar riga ko jelar rawani ta shiga cikin sarƙar babur. Kuɗin da aka sa a irin waɗannan kaya ba a banza suka tafi ba, asibiti suka tare.

Abin dariya, wandon jins ɗin da samari ke gayu da shi asalinsa kayan leburori ne. Ranar 20 ga Mayu, 1873, wani ɗan kasuwa mai suna Levi Strauss da wani tela Jacob Davis suka yi rajistar wando mai ƙusoshin ƙarfe a bakin aljihu a Amurka, don masu aikin ƙarfi da aljihunsu ke yawan yagewa. Shuɗin da ke jikinsa kuwa launin baba ne, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano. Shi ma kaki daga sojojin Ingila da ke Indiya ya samo asali, kuma ma'anar kalmar ita ce launin ƙasa, wato kayan da ba sa nuna ƙura. Turawa sun ɗauki kayan aikinsu sun mai da su ado, har suna sayar wa duniya.

A finafinan Hausa fa? Da an ga mutum da 'yar shara da malfa, an san dariya za a yi. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, ya ba mutane dariya da shigar talaka fiye da kowa, kuma ba wanda zai ƙwace masa wannan kambu. Amma da aka yi ta maimaita abin a finafinan camama, sai ya zauna a zukatan yara cewa kayan gona alamar wauta ce, jarumi kuwa shi ne mai zama a falo da waya a hannu. Finafinai nawa ne suka nuna saurayi manomi, mai hankali, mai tsafta, wanda ya fito daga gona ya yi wanka ya tafi zance, kuma yarinyar ta zaɓe shi? Daraktoci su amsa. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya nuna cewa ana iya yin suna da kakin aiki. Saura malfa.

Ƙananan kaya

A nan ne rigima take. A farkon shekarun 2000, jarumai irin su Ali Nuhu, da marigayi Ahmad S. Nuhu wanda ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007, da Sani Danja, da Adam A. Zango, su ne suka sa jins da ti-shat da kambas suka zama kayan soyayya. Wani ɓangaren daga Indiya, wani daga mawaƙan Amurka masu burma-burman wanduna da rigunan FUBU da takalman Timberland. Sai ƙwallon ƙafa ta kawo nata: Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi ya koma Chelsea a 2006, jesi ta cika gari har ƙauye.

Shigar 'yan fim na daga cikin abubuwan da suka jawo masu fushin malamai da hukuma. Gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a Disamban 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka sake tsaurara dokoki a zamanin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, kuma a shekarar ce aka ɗaure Adam Zango kan faifan waƙoƙinsa na Bahaushiya. Galibin surutun a kan shigar mata aka yi shi, amma maza ma ba su tsira daga zagin masu cewa sun zubar da al'ada ba.

Gaskiyar magana, ƙananan kaya ba laifi ba ne, kuma su ne rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi. Yawancinsu gwanjo ne. Duk da cewa dokar kwastan ta hana shigo da tsofaffin tufafi Nijeriya, diloli na shigowa ta Kwatano da iyakokin Nijar, su sauka a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano, daga nan 'yan koli su rarraba su zuwa kasuwannin mako, har da ta Talata a Mafara. Mutanen yankin sun ga muhimmancin waɗannan kasuwanni a Satumban 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga. Mai sayar da gwanjo da tela da mai yadi duk sun ɗanɗana.

Mai sayen gwanjo ya je da wuri, lokacin da aka fasa dila. Ya ɗaga rigar a rana ya duba wuya da hammata da ɗinkin gefe. In ya kai gida ya wanke da sabulu ya shanya a rana sosai kafin ya sa, saboda cutar fata. Sannan ya karanta abin da aka rubuta a gaban rigar, in bai iya ba ya ba wani ya karanta masa. Sau nawa aka ga yaron kirki ya shiga sahun salla da rigar da ke tallar giya, ko mai ɗauke da ashar da Turanci, bai sani ba?

Akwai kuma kayan da a halin da Zamfara ta shiga bai kamata ko kyauta saurayi ya karɓa ba, wato duk wani abu mai dabbare-dabbaren kakin soja, riga ce ko wando ko hula. Rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula a kan haka, kuma kowa ya san 'yan bindiga na sa irinsu. A fim jarumi zai sa ya yi faɗa, darakta ya ce "kot", a tashi a ci abinci. A kan hanyar Maradun zuwa Mafara ba mai cewa "kot".

Jins biyu masu duhu waɗanda ba su matse ba kuma ba su zazzago ba, da riguna uku ko huɗu marasa hayaniya, da kambas ɗaya mai tsafta, sun ishi saurayi zaman majalisa da kallon ƙwallo da shiga gari. Amma ban da gaida surukai.

Manyan kaya

Juma'a, Idi, ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, zuwa gaban sarki ko hakimi: nan fagen manyan kaya ne, kuma nan ne ake gane ɗan gidan mutunci. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar fim ya koya masu babbar riga. Garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Yaran yankin sun tashi suna ganin malum-malum ido da ido a wajen taro. Abin da Sani Mu'azu ke sakawa a matsayin Gwamna Bawa Maikada a shirin Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019, kwaikwayon abin da suka riga suka sani ne.

Sai dai saurayi ba gwamna ba ne. Abin da zai fi yi masa amfani shi ne farin kaftani ɗaya mai kyau, domin fari na shiga ko'ina, daga masallaci har gidan biki har gidan rasuwa. Sai wani mai duhu, ruwan toka ko shuɗi ko ruwan ƙasa, wanda zai jure ƙurar hunturu da hawan babur. Hula biyu da za su hau da kowanne. Babbar riga kuwa ta jira ranar aurensa, ko ranar da aljihu ya yarda.

Sirrin manyan kaya a hannun tela yake. Yadi mai araha da aka yanka daidai jiki ya fi shadda mai tsada da kafaɗa ta zube, hannu ya wuce yatsu, wando na sharar ƙasa. Yayin ɗinki kuma wucewa yake yi. Ina tazarce, wadda ta samo suna daga siyasar 1998? Ta yi zamaninta ta kau. Aiki ɗan daidai a wuya da aljihu shi ne ba ya tsufa. Kuma mai son ya sa sabon kaya ranar Idi ya kai ɗinki tun kafin azumi, in ba haka ba ya sha "dawo gobe" har a sauko daga Idi. Shadda kuma ba ta son ruwan zafi, ba ta son burushi, ba ta son a bar ta ta ƙone a rana. A wanke a hankali, a shanya a inuwa, a kai wa masu bugu.

Maganar anko ma abin dubawa ce. Abokin ango ya yi anko uku a wata guda, kowanne da launin da ba zai sake sakuwa a wani wuri ba. In da ango zai zaɓi yadi mai sauƙi da launi mai natsuwa, da ya taimaki abokansa.

Kayan ofis

Ba duka samarin yankin ne a gona ba. Akwai ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da masu zuwa koyon aiki na wata huɗu, da malaman makaranta, da ma'aikatan sakatariya da asibiti, da masu jiran ranar intabiyu. A finafinai, da an ce ofis sai a ga mutum cikin baƙar kwat da laktaye, wani lokaci ma kwat ɗin ta fi shi girma, ga tambarin kamfani ba a cire daga bakin hannu ba. Wannan tambarin cire shi ake yi bayan an saya. Ɗan kallo ya lura.

A ƙasar da zafin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, kwat azaba ce in ba dole ba. A mafi yawan ofisoshin gwamnati a Arewa, kaftani na yadi mara ƙyalli da hula da takalmi sau-ciki cikakkiyar shigar aiki ce. Bankuna da wasu kamfanoni ne ke son shigar Turawa, su ma sukan sassauta ranar Juma'a. Mai zuwa intabiyu a irin waɗannan wurare ya nemi farar shat ko mai ruwan sararin sama, da baƙin wando na yadi, da bel da takalmi masu launi ɗaya. Ya goge, ya yanke farce, ya rage turare. Mai ɗaukar aiki ba ya tambayar kuɗin riga, amma yana ganin dauɗar wuya.

Ina kuɗin ke tafiya?

Akwai wani abin takaici a ƙarƙashin duk wannan magana. Zamfara ƙasar auduga ce, Gusau ta yi zamani da injinan gurza da masaƙa. Yau masaƙar ta daɗe da yin shiru, kamar yadda KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ma ta tsaya a 2007. Ke nan gezna daga Ostiriya, yadi daga Caina, gwanjo daga Turai da Amurka. Abin da ya rage a hannun 'yan gida shi ne aikin tela, da mai surfani, da mai ɗinkin hula, da mai bugu, da baduku. Fatar jan akuyar Sakkwato ta yi suna tun zamanin fatake, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi ta isa gare su. Saurayin da ya sayi takalmin fata na gida, ya biya telan garinsu haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, kuɗinsa a unguwa suka tsaya.

Su ma 'yan fim da sauran aiki a gabansu. Ali Nuhu, wanda samari suka yi shekaru suna kwaikwayon shigarsa, an naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024, alamar cewa sana'ar ta girma. To girman ya kai ga sutura. A samu mai kula da kayan sawa a kowane lokeshin, wanda zai hana ɗan talaka a labari fitowa da shaddar da ta fi kuɗin gidansu, ya kuma ba manomi da bakanike da malamin makaranta shiga ta mutunci. Miliyoyin yara na kallo, kuma abin da suka gani shi suke kai wa tela.

Shi kuwa saurayin Tsibiri da takwarorinsa na Bakura da Mafara, lissafin ba mai wuya ba ne. Kayan aiki su ne farko, tunda su ke kawo kuɗin sauran. Sai manyan kaya biyu na fita kunya, sai ƙananan kaya na yau da kullum, sai na ofis ga mai ofis. Kece raini ya zo a ƙarshe, da rarar kuɗi, ba da kuɗin taki ko na bashi ba. Ya kalli fim ya more, ya ɗauki tsafta da iya haɗa launi daga wajen jarumi, ya bar masa sauran. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Iyayen yarinya kuma, in an zo bincike, ba sunan shaddar yaro suke tambaya ba. Sana'arsa da halinsa suke tambaya.

Allah ya rufa asiri, ya kawo zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, amin.